Matatar amoniya ko bayofulok: wace bakteriya ta dace da tankin kifinka a Kebbi?

Mai kiwon kifi a tankin siminti ko na tamfol, a Birnin Kebbi yake ko Jega ko Yauri, da zarar kifinsa ya fara nauyi sai maganar ruwa ta danne duk sauran matsaloli. Abincin tarwaɗa na buhu yakan zo da furotin kusan kashi 40 cikin 100, kifin kuwa ko rabin naitirojin ɗin da ke cikin furotin ɗin ba ya riƙewa a jikinsa. Mafi yawan ragowar yana fita ne a matsayin amoniya, ta wurin numfashi, ba ta kashi ba. Lissafin da injiniyoyin kiwon kifi ke aiki da shi ya nuna kilo ɗaya na irin wannan abinci na sakin kimanin giram 37 na naitirojin ɗin amoniya.

Mu ɗauki tanki mai lita 10,000, da tarwaɗa 1,000 a ciki, kowace ta kai rabin kilo, ana zuba musu kilo 10 na abinci a rana. Giram 370 ke nan na amoniya kullum, wato miligiram 37 a kowace lita idan babu abin da ke kwashe ta. A kan wannan tanki za mu yi duk lissafin da ke tafe.

Abin da mafi yawan mutane ke yi shi ne su zubar da ruwan su zuba sabo, kullum ko bayan kwana biyu. Yana kuma yi, saboda dalilin da ba kowa ya sani ba. Amoniya a ruwa kala biyu ce: akwai wadda ke narke a matsayin gishiri, ba ta cika cutarwa ba, akwai kuma ta iska mai dafi. Ma'aunin tsami da ake kira pH ne ke raba su. A ruwa mai zafin digiri 30, idan pH na kan 7, mai dafin ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 ta haura kashi 7. A pH 9 ta doshi rabi. Masu bincike a ƙasar Holan sun ba da shawara a 2010 cewa kada mai dafin ta wuce miligiram 0.34 a lita ga tarwaɗa. To miligiram 37 a pH 7 na ba da kusan 0.3, an tsira da ƙyar. Wannan ruwan dai a pH 8 zai ba da kusan 2.8. Shi ya sa za ka ga mutum biyu suna kiwo iri ɗaya, na wannan na ci yana girma, na wancan ya daina cin abinci, bambancin kawai ruwan burtsatsensu.

Wanda ke bakin fadama, ruwa a wadace, ga gonar albasa ko tumatir da za ta sha wanda aka zubar, ba shi da dalilin barin wannan hanya. Maganar ta mai tanki a cikin gari ce, wanda lita 10,000 kullum ta fi ƙarfin burtsatsensa da man janaretansa, maƙwabta kuma sun fara ƙorafin wari a kwata. Shi dole ya sa bakteriya aiki, kuma iri biyu ne a gabansa: waɗanda ake ajiyewa a matata a wajen tanki ruwa na bi ta kansu, da waɗanda ake hayayyafarwa a cikin tankin kansa, tsarin da ake kira bayofulok.

Inda kowacce ke samo kabon

Duk wani abu mai rai da kabon yake gina jikinsa, yana kuma buƙatar ƙarfin yin ginin. Mu da kifi da mafi yawan bakteriya wuri ɗaya muke samun biyun: sukari, sitaci, mai, furotin. A nan za mu kira irin waɗannan bakteriya maciya zaƙi. Su ne tushen bayofulok.

Iri na biyu kuwa sun raba hanya. Ƙarfi daga amoniya suke tatso shi, kabon kuma daga iskar kabon dayoksaid da bayikabonet, sinadarin nan na bekin soda, da ke narke a ruwa. Sergei Winogradsky ne ya tabbatar da haka a birnin Zurich a 1890, da ya rene su a ruwan da babu komai sai gishirin ma'adinai, ba sukari ba romo, suka kuma hayayyafa. Mu kira su maciya amoniya, su ne ma'aikatan matata. Aikin nasu hawa biyu ne. Nitrosomonas da danginta na mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma dafi ne. Nitrobacter da Nitrospira su karɓa su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke jurewa sosai. Sunayen biyu sun yi kama, sai a kiyaye, don a kwalbar gwaji ma mutane na rikita su. Tsofaffin littattafai Nitrobacter suke ambata, amma da aka bincika yauƙin matatun kifi sai aka tarar Nitrospira ce ta fi yawa, kuma a 2015 aka gano wasu nau'o'inta na yin hawa biyun su kaɗai.

Nitrosomonas da Nitrobacter na kama kabon ta zagayen Calvin, hanyar nan da ganyen shinkafa a fadamar Argungu ke bi, da sinadari ɗaya mai suna RuBisCO. Shinkafa rana ke ba ta ƙarfi, su kuma amoniya ko naitirait. Nitrospira wata hanya take bi, tana juya zagayen Krebs ta baya, wato hanyar da ƙwayar halitta ke ƙona abinci da ita, wannan kuwa bai kai na Calvin cin ƙarfi ba. Zagayen Calvin na da tsada: kafin a haɗa ƙwayoyin kabon dayoksaid uku su zama ƙaramin sukari ɗaya mai kabon uku, sai an kashe ATP tara da NADH shida, waɗanda su ne kuɗin da ƙwayar halitta ke ciniki da su. Abin da ke shigowa kuma kaɗan ne. A kowane mol, ma'aunin da masana sinadarai ke ƙirga ƙwayoyi da shi, ƙona sukarin gulukos na ba da kilojul kusan 2,870. Mayar da amoniya naitirait na ba da kusan 275. Mayar da naitirait naitiret bai wuce 75 ba.

Ba a nan wahalar ta tsaya ba. Ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, da suke cirowa daga amoniya da naitirait ba su da ƙarfin da za su yi NADH kai tsaye, sai an tura su sama da ƙarfin da aka tara. Kamar mai noman rani ne da gonarsa ke tudu ruwa kuma na gangare: kafin tsiro ya sha, an ƙona mai. Saboda haka kusan duk abin da suka ci a aikin tura ruwa yake ƙarewa, ɗan abin da ya rage ne ke zama jiki. Maciya zaƙi na iya ninka yawansu cikin rabin awa ko 'yan awanni. Maciya amoniya a tankin kifi sai su yi kwana guda ko fiye kafin su ninka. Kuma zuba musu sukari ba ya sa su sauri, don Nitrosomonas ba ta barin amoniya ta koma rayuwa a kan sukari.

Daga nan duk bambancin hanyoyin biyu ya samo asali. Maciya amoniya ƙona amoniya suke yi, su ci da yawa su yi jiki kaɗan. Maciya zaƙi ba ƙona ta suke yi ba, haɗiye ta suke yi su gina furotin ɗin jikinsu, don haka ba sa kwashe ta sai gwargwadon yadda suke hayayyafa, ba sa kuma hayayyafa sai gwargwadon sukarin da aka ba su.

Lissafin da masu bincike uku, Ebeling da Timmons da Bisogni, suka wallafa a 2006 ya sa wa abin lamba. A kowane giram ɗaya na naitirojin ɗin amoniya, maciya amoniya na shan giram 4.18 na oksijin da giram 7.05 na alkaliniti, wato ajiyar bayikabonet da ruwa ke kashe tsami da ita, su haifar da giram 0.2 kacal na sabon jiki. Maciya zaƙi na buƙatar giram 15.17 na sukari, giram 4.71 na oksijin, giram 3.57 na alkaliniti, su haifar da giram 8.07 na jiki. Ninki arba'in ke nan. A tankinmu, matata za ta haifar da yauƙi kimanin giram 74 a rana, abin da bai cika tafin hannu biyu ba in ya bushe. Bayofulok zai ci sukari sama da kilo biyar da rabi, ya haifar da dagwalo mai nauyin kilo uku a bushe, kullum.

Matata

Tsarin shi ne ruwa ya bar tanki, ya bi ta wurin da kashi da ragowar abinci za su kwanta, famfo ya ɗaga shi ya watsa a kan tarin abin da bakteriya za su manne, ya tsiyaye ya koma tanki. Ana son duk ruwan tankin ya zagaya kamar sau ɗaya a awa, wato famfo mai tura lita 10,000 a awa a misalinmu.

Girman matata ba da ido ake yanke shi ba, da faɗin fuskar da yauƙi zai kwanta ake auna shi. Lissafi mai taka-tsantsan shi ne murabba'in mita ɗaya na kwashe giram 0.3 a rana. Giram 370 na buƙatar sama da murabba'in mita 1,200. 'Yan robobin nan da ake kira K1 na da murabba'in mita 500 a kowace lita 1,000, don haka lita 2,500 ake nema. Tsakuwa za ta yi, amma za ta ninka wannan wuri sau uku ko fiye, ga nauyi ga toshewa. Marafan robar ruwa, yankakken fayif, tsohuwar ragar kamun kifi da aka wanke, duk suna aiki, sai dai a ƙara yawansu. Duro ɗaya na lita 200 cike da tsakuwa a gefen tankin tarwaɗa dubu, irin wanda ake yawan gani, ado ne kawai.

Wurin kwantar da kashi shi ne abin da aka fi rainawa, shi ne kuma ke kashe matata. Kashin kifi kabon ne irin na maciya zaƙi. In ya isa matata sai su yi tururuwa, su rufe maciya amoniya da yauƙi mai kauri, su shanye oksijin kafin ya kai gare su. Ko ɗan ƙarin irin wannan kabon na iya zaftare fiye da rabin aikin matata. A buɗe bututun ƙasa a zubar da abin da ya kwanta kullum, in abinci ya yi yawa safe da yamma. A kan wannan dalili ne kuma bai kamata a zuba molas, wato baƙin ruwan zaƙi da ke saura bayan an yi sukari daga rake, ko sukari a tsarin da ke da matata ba, ko da wani ya ce yana ciyar da bakteriya. Yana ciyarwa, amma kishiyoyin waɗanda aka ɗauka aiki.

Tayar da sabuwar matata na ɗaukar mako huɗu zuwa shida, babu yadda za a yi da wannan. Gara a tayar da ita kafin kifi ya shiga. A cika tsarin da ruwa, a kai alkaliniti kusan miligiram 150 a lita, a zuba takin amoniyam salfet giram 10 zuwa 14 a kowace lita 1,000, wanda zai ba da amoniya miligiram 2 zuwa 3 a lita. Kada a wuce 5, don amoniya mai yawa na danne masu cin naitirait. In an samu bokiti ɗaya ko biyu na robobi daga tsohuwar matata mai lafiya, wadda kifinta ba su da cuta, a zuba a ciki, zai rage kwanaki. A mako na farko ba za a ga komai ba. Daga nan amoniya za ta fara sauka, naitirait ya hau, ya tsaya a sama mako biyu ko uku har mutum ya fara fid da rai, sannan ya faɗi cikin 'yan kwanaki. Ranar da aka zuba miligiram 2 aka dawo bayan awa 24 aka tarar amoniya da naitirait duk sun kusa sifili, matata ta nuna. Ko a lokacin, abinci a riƙa ƙara shi sannu a hankali, don yawan bakteriyar daidai yake da abin da suka saba samu.

In kifi na ciki lokacin da naitirait ya hau, gishirin girki ne garkuwa. Naitirait na shiga jini ta ƙofar da kuloraid, sinadarin da ke cikin gishiri, ke shiga, ya hana jini ɗaukar oksijin, har ya koma ruwan ƙasa kamar shayi. Ana son kuloraid ya ninka naitirait sau goma aƙalla, wato gishiri giram 17 a lita 1,000 a kan kowane miligiram ɗaya na naitirait a lita. Giram 170 a lita 1,000 ya isa rigakafi a yawancin lokuta.

Sai maganar tsami, wadda ita ce asalin cefanen matata. Bayikabonet aiki biyu yake yi a nan. Ɗan kaɗan daga cikinsa ne ke shiga jikin bakteriya a matsayin abinci; mafi yawa yana tafiya ne wurin kashe tsamin da ƙona amoniya ke saki, ya fice a matsayin iskar kabon. In ajiyar ta ƙare, pH ya yi ta zamewa: ƙasa da 6.8 aiki ya ragu, kusa da 6 ya kusa tsayawa, bakteriya sun rasa abinci sun kuma shiga ruwan da ba sa jurewa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a tankin da ke da matata wannan ne dalilin. Maganin bekin soda ne, giram 150 zuwa 250 a kan kowane kilo na abinci, wato kilo ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi a rana a tankinmu, a rage gwargwadon abin da sabon ruwa ke kawowa. Giram 17 a lita 1,000 na ɗaga alkaliniti da miligiram 10 a lita. A riƙe shi sama da 100.

Ana tambaya ko kanwa za ta maye gurbin bekin soda, tunda ga ta a kowace kasuwa. Tana da bayikabonet, amma haɗe da kabonet mai ɗaga pH da ƙarfi, kuma ta wannan buhu ba ɗaya take da ta wancan ba. Bekin soda ko an zuba da yawa ba ya kai ruwa sama da kusan 8.3, kanwa da farar ƙasa ta shafe bango ba su da wannan birki. Ga yadda asarar ke faruwa. Mai tanki ya yi mako biyu bai auna ba, pH ya sauka zuwa 6, matata ta tsaya, amoniya ta taru ta kai miligiram 20 ko 30 a lita, kifi kuma lafiya lau don a wannan tsami ba ta da dafi. Ya auna ya ga 6, hankalinsa ya tashi, ya jiƙa kanwa ya antaya da yamma. Kafin isha pH ya haura 8.5, kaso mai yawa na amoniyar nan ya rikiɗe ya zama dafi, da asuba tarwaɗa na tsaye a saman ruwa kai sama. In an tarar da pH a ƙasa, amoniya ake fara aunawa. In tana sama, a sauya rabin ruwa, a tsayar da abinci, sannan a ɗaga pH da bekin soda a hankali, kada ya wuce rabin maki a rana. Mai son rage kuɗin soda na iya sa buhun raga cike da dakakken dutsen farar ƙasa ko ƙumba a hanyar ruwa. Suna narkewa ne kawai idan ruwa ya fara tsami, don haka ba sa wuce gona da iri, amma ba sa iya ɗaukar nauyin kilo 10 na abinci su kaɗai.

Sauran abubuwan da ke kashe matata gajeru ne: ruwan famfo mai kulorin, maganin rigakafin ƙwayoyin cuta da aka zuba a tanki ruwa na zagayawa, wanke robobi gaba ɗaya har su yi fes, da hasken rana kai tsaye. A wanke kashi ɗaya cikin uku kawai a lokaci guda, da ruwan tankin, a kuma yi mata rumfa.

Matata ba ta kawar da sauya ruwa, tana rage shi ne. Naitiret na taruwa, kuma shawarar masu binciken Holan ɗin nan ga tarwaɗa ita ce kada naitirojin ɗin da ke cikinsa ya wuce miligiram 140 a lita. A tankinmu wannan na nufin zubar da kusan lita 2,600 a rana maimakon 10,000. Ruwan da aka zubar taki ne, alayyahu da latas na son sa.

Bayofulok

Nan babu matata. Tankin kifin shi ne wurin aikin. Ana hura iska ba dare ba rana, ana zuba abu mai zaƙi ko sitaci, maciya zaƙi su hayayyafa su dunƙule da ragowar abinci su zama 'yan gudaje masu yawo a ruwa, ruwan ya koma ruwan ƙasa. Yoram Avnimelech na Isra'ila ne ya fitar da lissafinsa a 1999: kimanin giram 20 na sitaci ko sukari a kan kowane giram ɗaya na amoniya. Abin sha'awarsa a fili yake. Yana fara kwashe amoniya cikin awanni, ba makonni ba. Ba ya buƙatar robobi da famfon ɗaga ruwa. Gudajen kuma furotin ne da kifi zai iya ci.

Wane kifi, ita ce tambayar. Karfasa na tace ruwa tana kiwon gudajen, har a iya ba ta abinci mai furotin 28 zuwa 30, wanda ke rage kuɗin abinci ya kuma rage amoniyar tun daga tushe. Tarwaɗa ana kiwonta da bayofulok, a Indonesiya ma ya yaɗu, amma babbar tarwaɗa ba ta cin gudajen kamar karfasa, kuma tana son abinci mai furotin da yawa. Sai ka biya kuɗin sukari ka haifar da dagwalon da babu mai ci. A tankinmu kilo uku a rana cikin lita 10,000 na nufin ƙarin miligiram 300 a lita kullum, alhali abin da ake so ya tsaya a ruwan gaba ɗaya bai wuce 300 zuwa 500 ba. Kusan duk abin da aka haifar yau sai an kwashe shi gobe. Wani ɓangare na kabon ɗin daga abincin kansa yake fitowa, wannan na rage lissafin sukari, amma ba ya canza hoton.

Molas ya fi saurin aiki, sai dai kusan rabinsa ne sukari, don haka a ninka nauyin. Mazarƙwaila da sukarin shayi na yi, kuɗinsu ne matsala. Abin da Kebbi ke da shi a yalwace dusar shinkafa ce daga injinan casa na Birnin Kebbi da Argungu da ƙananan injina na kasuwanni. Tana yi, amma a hankali, don sai bakteriya sun farfasa ta. Tana da nata furotin da ke ƙara naitirojin. Ta ƙananan injina kuma sau da yawa gauraye take da ɓuntu, wanda ba ya ruɓewa, sai ya kwanta a ƙasa. A tankaɗe ta da rariya mai laushi. Garin rogo na tsakani. Ko wanne aka zaɓa, a dama shi da ruwa a raba shi kashi biyu ko uku a rana, awa ɗaya ko biyu bayan ciyarwa, don oksijin na faɗuwa nan take bayan an zuba.

Awon gudaje kullum ne. A ɗebi lita ɗaya a mazurari mai awo, a bar shi minti 20, a karanta abin da ya kwanta. Ga karfasa mililita 25 zuwa 50 ake so. Ya wuce haka, a karkatar da wani ruwan ta cikin duro mai tsinin gindi ya kwanta a zubar. A lura da kusurwoyin tanki: duk inda iska ba ta motsa ruwa, gudaje za su zauna su ruɓe babu oksijin, su saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ɗan kaɗan ɗinta na kashe kifi. Tanki mai zagaye ya fi mai kusurwa huɗu a wannan aiki. Kuskure na biyu shi ne yanke molas rana ɗaya don ya ƙare ko ya yi tsada. Gudajen za su fara mutuwa su saki amoniyar da suka haɗiye, naitirait ya biyo baya. Bayan wata ɗaya ko biyu maciya amoniya kan zauna a jikin gudajen su karɓi wani ɓangare na aikin, a lokacin ana iya janye molas kaɗan-kaɗan ana aunawa, amma daga nan cefanen bekin soda ya shigo, kamar na matata.

Ranar da aka ɗauke wuta

A takarda oksijin ɗin da hanyoyin biyu ke sha ya kusa zama ɗaya. Bambancin shi ne inda ake shan sa. A bayofulok bakteriyar na cikin ruwa ɗaya da kifi, kuma ruwan kansa kan sha miligiram 5 zuwa 6 a lita a awa idan gudaje sun yi kauri. Ruwa mai digiri 30 ba ya riƙe fiye da 7.5, a digiri 35 ma bai kai 7 ba. Injin hura iska ya tsaya da tsakar dare a watan Afrilu, cikin awa guda oksijin ya ƙare. Karfasa ba ta kai safe. Tarwaɗa na shaƙar iska a sama, za ta jure, amma gudajen za su kwanta su fara ruɓewa, ruwan ya lalace.

Matata mai tsiyaya ta fi haƙuri. Famfo ya tsaya, robobin na nan a jiƙe iska na ratsa su, bakteriya na iya yin awanni da rai muddin ba su bushe ba. A bazara a riƙa watsa musu bokitin ruwan tanki lokaci-lokaci. Matatar da ke nitse a ruwa ba ta da wannan gata: in ta yi awanni babu iska, a zubar da ruwan cikinta kafin a mayar da ita kan tanki. Tsiyayar na kuma korar iskar kabon tana sanyaya ruwa, alheri a bazara, amma a hunturu, Disamba da Janairu, tana ƙara wa ruwa sanyi a lokacin da bakteriya suka riga suka rage aiki. A kewaye ta da leda ko zana, a rage abinci, dama kifin ma ya rage ci.

Wa zai ɗauki wanne

Mai babbar tarwaɗa a cunkushe, ruwa kaɗan, wuta ba tabbas: matata mai tsiyaya, da wurin kwantar da kashi mai kyau, da buhun bekin soda a ajiye. Kuɗinta a farko ne, a robobi da famfo. Mai ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi ma ita ce tasa, don abincin da yake zubawa kaɗan ne, ƙaramar matata ta ishe shi, 'ya'yan kifi kuma ba sa jure amoniya kamar manya.

Bayofulok na mai karfasa ne da ke da sola da batir da janareta a gefe, injin hura iska biyu, mutum mai kwana a wurin, da tabbacin molas ko dusa mai kyau har girbi. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, ra'ayinmu kada ya fara. Mai son gwadawa ya yi a tanki ɗaya na lita 1,000, da kifin da bai wuce kilo 10 zuwa 15 ba a ƙarshe, ya ga zagaye ɗaya.

Ko wacce aka ɗauka, kwalaben gwaji huɗu ake fara saya kafin siminti: na pH, na amoniya, na naitirait, na alkaliniti. Ruwan burtsatsen ake fara aunawa, bayan an bar shi ya kwana a buɗe ko an hura masa iska, don yakan fito da iskar kabon mai yawa da ke sa pH ɗinsa ya yi ƙasa fiye da yadda zai kasance a tanki. A duba kuma ko kwalbar naitirait na ba da nauyin naitirait ɗin ne ko na naitirojin ɗin da ke cikinsa, don tsakanin biyun akwai ninki 3.3, kuma lissafin gishiri da ke sama a kan nauyin naitirait ɗin aka yi shi.